Yadda ake samar wa yaro gurbi a makarantun gwamnati na birnin New York

Abu uku ne ke yanke inda yaro zai yi karatu a birnin New York: shekarar da aka haife shi, adireshin da yake kwana, da watan da iyayensa suka tashi neman gurbi. Na farko da na biyu ba ka da ta cewa sosai a kansu. Na uku kuwa a hannunka yake, kuma a nan ne yawancinmu muke yin asara. Na bi wannan hanya da 'ya'yana tun daga ajin 'yan shekara huɗu har zuwa babbar sakandare, na kuma raka iyalai sabbin zuwa, don haka zan jero abin yadda ake tarar da shi.

Tsarin makarantun birnin shi ne mafi girma a Amurka, da yara wajen 900,000. An raba shi gundumomi 32. Cikin yankunan birnin biyar, Bronx tana da gunduma ta 7 zuwa ta 12, Manhattan ta 1 zuwa ta 6, Queens ta 24 zuwa ta 30, Staten Island ta 31, sauran na Brooklyn ne. Akwai wasu biyu da ba su da iyakar ƙasa: ta 75, ta yara masu buƙata ta musamman mai nauyi, da ta 79, wadda ke kula da shirye-shiryen manyan ɗalibai da karatu ya yanke musu. Firamare yawanci daga kindagatin zuwa aji 5 ce, makarantar tsakiya aji 6 zuwa 8, babbar sakandare aji 9 zuwa 12. Ana buɗewa farkon Satumba, a rufe ƙarshen Yuni.

Shekarar haihuwa ake dubawa, ba wata ba. Wanda aka haifa a Janairun 2021 da wanda aka haifa a Disambar 2021 rana ɗaya za su shiga kindagatin, a Satumbar 2026, ko da na biyun bai cika biyar ba tukuna. Haka lissafin yake ga Pre-K na 'yan shekara huɗu da 3-K na 'yan shekara uku. Daga sama kuma, duk wanda bai samu shaidar kammala sakandare ba yana da haƙƙin karatu kyauta har shekara 21. Wannan ya kamata matasan da suka iso da shekara 17 ko 18 su sani, domin da yawa suna wucewa kai tsaye neman aiki a zatonsu makaranta ta wuce su.

Ƙofa biyu ce ake shiga ta cikinsu. Ɗaya a buɗe take kowace rana, ta wanda ya iso birnin yanzu. Ɗayar kuma ta kalanda ce, ana buɗe ta 'yan makonni a shekara. Ta farko tana ba ka gurbi. Ta biyu ce ke ba ka zaɓi.

Idan yanzu kuka iso

Ɗan firamare, ka fara gano makarantar shiyyarku. Kusan kowane adireshi an ɗaura shi da wata firamare, kuma ana gano ta da sanya adireshin a shafin ma'aikatar ilimi ta birnin ko da kiran 311, lambar wayar neman bayani ta birnin. Kada ka dogara da makarantar da kake hangowa daga taga, domin layin shiyya yakan bi tsakiyar titi: gidan da ke kallon naku yana iya zama na wata makaranta dabam. Gundumomi uku, ta 1 da ta 7 da ta 23, ba su da shiyya a firamare kwata-kwata. Mazauna can, da duk mai ɗan sakandare, su nufi cibiyar karɓar iyalai, wadda a jikin ƙofarta aka rubuta Family Welcome Center. Kowane yanki na birnin yana da ita. Ka tafi da yaron.

Abin da za a nema: shaidar shekaru, wato takardar haihuwa ko fasfo, katin riga-kafi, sakamakon makarantar da ya baro idan akwai, da shaidar adireshi guda biyu. A shaidar adireshin ne ake yawan tsayawa. Ana karɓar takardar haya, takardar kuɗin wuta ko gas da ba ta wuce kwana 60 ba, takardar albashi mai ɗauke da adireshi, wasiƙar wata hukumar gwamnati ta kwanan nan, ko katin shaidar birni na IDNYC. Matsalar ita ce sabon zuwa yakan sauka ne a gidan ɗan'uwa, ba abin da ke ɗauke da sunansa. Ga irin wannan akwai takardar rantsuwa ta zama, wadda za ka cike ka bayyana wurin wanda kake zaune. Kuma rashin cikar takardu ba ya hana a ɗauki yaro. Ana yi masa rajistar wucin gadi a ci gaba da tantance adireshin, wani lokaci har a turo ma'aikaci ya duba gidan. Shi ya sa nake cewa ranar da kuka yi rajista, ku manna sunan iyalinku a jikin akwatin wasiƙu da ƙararrawar ƙofa. Wasiƙar makaranta da ta koma da tambarin ba a samu mai ita ba tana jawo bincike da ba gaira ba dalili.

Cikin takardun akwai wata mai tambayar irin wurin da kuke zaune. Mutane suna jin kunyar ta, su rubuta cewa gidansu ne. Ku faɗi gaskiya. A ƙarƙashin dokar tarayya ta McKinney-Vento ta 1987, iyalin da ke matsugunin gwamnati, ko waɗanda matsin tattalin arziki ya sa suka raɓe a gidan wasu, suna da haƙƙin a ɗauki yaronsu nan take ko ba takarda ɗaya, ya ci gaba da zama a makarantarsa ko sun ƙaura, a kuma taimaka da sufuri. Batun takardun zama a ƙasa kuwa, makaranta ba ta tambaya. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke tun 1982, a shari'ar Plyler da Doe, cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin shige da ficensa.

Riga-kafi

Nan ne aka fi mayar da yara gida, kuma sau da yawa iyaye sun yi duk allurar da aka ce su yi a ƙasar da suka fito. Ɗan kindagatin ana neman ya samu allurar mashaƙo da tarin shiƙa da tetanus sau 5, ko 4 idan ta huɗun bayan ya cika shekara huɗu aka yi. Shan inna sau 4, ko 3 bisa wannan sharaɗin. Haɗin ƙyanda da hangum da rubela sau 2. Ciwon hanta nau'in B sau 3. Ƙarambau sau 2. A aji 6 akwai ƙarin allurar tetanus da tarin shiƙa, a aji 7 da na 12 kuma ta sanƙarau.

Na ga ma'aikaciyar jinya ta ɗauki kati cike da tambari tana bin sa da biro layi-layi, tana tsallake kusan rabi. Dalilai uku ne suka fi yawa. Allurar ƙyanda da aka yi wa jariri yana wata tara ba ta shiga lissafi, domin sai wadda aka yi daga cikarsa shekara ɗaya, kuma ita kaɗai ce ba haɗin ukun ba. Ɗigon shan inna na baki da aka ba yaro daga 1 ga Afrilun 2016 zuwa yau shi ma ba a ƙirga shi, saboda daga lokacin aka cire nau'i ɗaya cikin uku na ƙwayar cutar daga ɗigon a duniya baki ɗaya. Ta allura ce ake ƙirgawa. Ƙarambau kuma ƙasashe da yawa ba sa yin allurarsa. Idan yaro ya taɓa yin ciwon, maganar iyaye ba ta isa ba, sai likita ya rubuta ko a yi gwajin jini.

Wa'adin kwana 14 ne daga ranar da yaro ya fara zuwa, ana iya ƙara shi zuwa 30 ga wanda ya zo daga wata jiha ko ƙasa. Ba sai an gama duka cikin wa'adin ba. Abin da ake so shi ne a yi ta farko a kowane jeri, a kawo takardar ranakun da likita ya sa na sauran. Jihar New York ta soke uzurin addini a 2019, na rashin lafiya kaɗai ya rage. Don haka a makon farko ka nemi ganin likitan yara, ka tafi da ainihin katin, ka roƙi a shigar da bayanan cikin rumbun riga-kafi na birni, a kuma cike takardar duba lafiya mai lamba CH-205. Kuɗi kada ya tsayar da kai: inshorar yara ta Child Health Plus tana ɗaukar 'yan ƙasa da shekara 19 ba tare da duba matsayin shige da fice ba.

Harshe

Ranar rajista za a ba ka takardar tambaya kan harshen gida. Rubuta Hausa idan Hausa ce. Wasu suna rubuta Turanci don gudun kada a mayar da yaro baya, alhali ba a mayar da kowa baya saboda wannan. Abin da takardar ke jawowa shi ne hira da malami, sannan gwajin Turanci cikin kwana 10 na makaranta. Sakamakon ne ke nuna yawan taimakon da yaro zai samu. Ɗan firamare da ya faro daga tushe yana da haƙƙin minti 360 a mako na koyon Turanci, yana kuma samun ƙarin lokaci a jarrabawar jiha. Wanda aka rubuta masa Turanci a matsayin harshen gida ba a yi masa gwajin, kuma duk wannan ya wuce shi.

Za a nuna maka zaɓi uku: darasin Turanci a matsayin sabon harshe, wanda kowace makaranta ke da shi, aji mai harshe biyu na wucin gadi, da aji mai harshe biyu na dindindin. Na biyun da na ukun sun fi yawa da Sifaniyanci da Sinanci, akwai kaɗan da Faransanci, wanda ya kamata iyalan da yaransu suka fara karatu da Faransanci su tambaya a kai. Idan kuma yaro ya yi shekaru ba ya zuwa boko, ko karatunsa ya yi ta yankewa, ka faɗa a hirar. Akwai rukuni na musamman ga irinsu, kuma ɓoyewa ba ta haifar da komai sai a zuba shi aji 8 ana zaton ya iya lissafin aji 7.

Kai kanka kana da haƙƙin tafinta kyauta. Ana fassara manyan takardu zuwa wasu harsuna, ciki har da Faransanci da Larabci. Hausa ba ta cikinsu, amma ana kiran tafinta ta waya. Ka nema tun kafin ranar taro, kuma kada ka mayar da ɗanka tafintan maganar da ta shafe shi.

Ƙofar kalanda

Neman gurbin 3-K, Pre-K, kindagatin, makarantar tsakiya da babbar sakandare duk ta shafin MySchools ake yi, ko a cibiyar karɓar iyalai. Ranakun suna motsawa kowace shekara, amma yawanci na tsakiya da na sakandare daga Oktoba ne zuwa Disamba, na kindagatin Disamba zuwa Janairu, na Pre-K da 3-K daga Janairu zuwa wajen ƙarshen Fabrairu. Lura da cewa kusan wata tara ne kafin shiga aji. Wanda ya jira sai Agusta zai samu wuri, amma abin da ya rage zai samu. Kuma zaman yaro a Pre-K na wata makaranta ba ya ba shi kujerar kindagatin a nan kai tsaye. Sai an sake nema. Makarantun cata, waɗanda gwamnati ke biya amma ƙungiyoyi ke gudanarwa, nasu neman dabam ne, wa'adinsa 1 ga Afrilu.

Yadda ake rabon ya cancanci a fahimce shi da kyau, domin rashin fahimtarsa ke sa iyaye su cuci kansu. Kana jera makarantu bisa yadda kake son su. Kowace makaranta tana da rukunonin fifiko. A firamare mai shiyya, ɗan shiyya mai wa ko ya a makarantar ne a gaba, sai sauran 'yan shiyya, sannan na waje. A cikin rukuni ɗaya, lambar ƙuri'a ce ke raba gardama. Kwamfuta tana gwada yaro a zaɓinsa na farko. Idan bai samu ba ta kai shi na biyu, kuma a can ana auna shi da fifikonsa da lambarsa daidai da wanda ya sa makarantar a farko. Idan yaronka ya fi wancan, yaronka ne zai samu kujerar. Makaranta ba ta ganin a lamba ta nawa ka sa ta. Masana tattalin arziki ne suka tsara wannan hanya ga sakandaren birnin a 2003, cikinsu har da Alvin Roth da ya samu kyautar Nobel a 2012, kuma an gina ta ne yadda dabara ba za ta amfani kowa ba. Saboda haka sa wadda ka fi so a sama ko da tana da wuyar samu. Sa makarantar shiyyarku a ƙasa ba ya rage fifikonka a cikinta. Kuskuren da ke da tsada shi ne gajeren jeri: wanda ya rubuta makarantu uku masu farin jini kawai, idan duk suka kuɓuce, sai a ba shi wadda bai taɓa jin sunanta ba. A sakandare ina ganin kada a gaza 12.

Lambar ƙuri'ar tana nan a shafin yaron, doguwa ce mai alamomi 32, haɗin lambobi da haruffa. Ta farkon ce ta fi muhimmanci. Jerin yana tafiya daga 0 zuwa 9, sannan a zuwa f. Wadda ta fara da 0 tana cikin kashi ɗaya bisa 16 na gaba, wadda ta fara da f tana can ƙarshe. Idan taku ta fara da d ko e, ku ƙara makarantun da masu nema ba su yi wa yawa ba. Shafin yana nuna yawan masu neman kowace kujera a bara. Bayan sakamako ya fito, ana sa yaro kai tsaye a layin jiran duk makarantar da ya jera sama da wadda ya samu. Karɓi wadda aka ba ka, wannan ba ya fitar da kai daga layin. Amma ka riƙa duba imel da waya, domin tayin layin jira 'yan kwanaki ne yake yi ya wuce ga na baya.

Babbar sakandare

Makarantu sama da 400 ne, da shirye-shirye sama da 700, kuma ɗan Bronx yana iya neman ta Brooklyn. Wasu ƙuri'a ce zalla. Wasu suna raba kujeru tsakanin masu maki mai yawa, matsakaita da masu ƙaranci. Wasu sai an yi gwajin waƙa, rawa, zane ko wasan kwaikwayo. Masu tantancewa kuma suna duba makin ƙarshe na aji 7 a darussa huɗu: Turanci, lissafi, kimiyya da nazarin zamantakewa, su kasa yara rukuni-rukuni, na farko shi ne kashi 15 cikin ɗari na sama. Aji 7, ba aji 8 ba. Lokacin da iyaye suka farga a Oktoban aji 8, makin da za a duba ya riga ya bushe a takarda tun Yuni. Tun ran gini tun ran zane.

Akwai wasu takwas da hanyarsu dabam ce, irin su Stuyvesant, Bronx Science da Brooklyn Tech. Jarrabawa ɗaya ce ke shigar da yaro, SHSAT, ta Turanci da lissafi, ana yin ta a kakar aji 8, kuma dokar jiha ta 1971 ce ta kafa wannan tsari ga tsofaffin cikinsu. Rajistarta dabam take da babban neman gurbi, kuma yin ta ba ya taɓa sauran zaɓinka, har yaro na iya samun tayi biyu ya zaɓa. Akwai shirin share fage kyauta mai suna DREAM ga waɗanda suka cancanta, da shirin Discovery na bazara ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da makinsu ya gaza kaɗan.

A ganina an fi yin surutu kan waɗannan takwas fiye da kima, ana mantawa da wasu hanyoyi masu amfani. Aviation High School a Queens tana koyar da gyaran jirgin sama har zuwa shaidar hukumar jiragen sama ta tarayya. P-TECH a Brooklyn, wadda aka buɗe a 2011, shekara shida ce, yaro ya fito da shaidar sakandare da ƙaramin digiri na shekara biyu ba tare da biyan kuɗi ba. Shirin College Now yana ba ɗalibai damar ɗaukar darussan jami'ar birni ta CUNY kyauta. Ga matashin da bai wuce shekara huɗu a ƙasar ba kuma yana koyon Turanci, akwai makarantun da ake kira International, da dama a Bronx, inda kowane malami malamin harshe ne. Irin wannan matashi ya kawo sakamakonsa na gida, na kowace shekara, domin ana buƙatar kiredit 44, wato lissafin darussan da ɗalibi ya ci, kafin a kammala, kuma shugaban makaranta na iya lissafa masa darussan da ya riga ya yi.

Yaro mai buƙata ta musamman

Idan kana ganin yaro yana da jinkirin magana, ji, ko fahimta, rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta kana neman a tantance shi, ka sa kwanan wata, ka riƙe kwafi. Maganar baki a bakin ƙofa ba ta fara ƙirga komai. Daga ranar da ka sa hannun amincewa, kwana 60 na makaranta ake da su a gama tantancewa a kuma tsara taimakon. Abin da ke fitowa shi ne takardar IEP, wadda ke fayyace ko yaro zai zauna aji mai malamai biyu tare da sauran yara, ko ƙaramin aji na yara 12, ko ya samu mai koyar da magana sau kaza a mako. Kai ma mamba ne a taron, kuma ba dole ka sa hannu a ranar ba. Rashin jin Turanci ba naƙasa ba ne, don haka ka nemi a yi tantancewar da harshen da yaron ya fi ji.

Sauran abubuwan yau da kullum ba su da wuya. Karin kumallo da abincin rana kyauta ne ga kowa tun 2017, wasu makarantu kuma suna da kicin da aka tantance na halal, sai a tambayi shugaban makaranta. Tun 2015 ana rufe makarantu ranar ƙaramar Sallah da babba idan sun faɗo ranar karatu. Motar makaranta mai ruwan ɗorawa ta 'yan kindagatin zuwa aji 2 ce da ke da nisan rabin mil ko fiye, da 'yan aji 3 zuwa 6 da ke da nisan mil ɗaya, idan makarantar tana da motar. Manya ana ba su katin OMNY na shiga bas da jirgin ƙasa, mai hawa huɗu kyauta a rana. Kowace makaranta tana da jami'in hulɗa da iyaye, kuma shi ne mutum na farko da za ka karɓi lambarsa. Ka karɓi lambar ɗalibi mai alƙaluma 9 ita ma, da ita ake buɗe asusun iyaye inda ake ganin maki da halarta. Akwai kuma katin gaggawa mai launin shuɗi: duk wanda sunansa ba ya kai, ba za a ba shi yaro ba ko da kawunsa ne, don haka ka rubuta mutum uku ko huɗu, ka sabunta shi duk lokacin da lambar waya ta canja.

Shekarar karatu kwana 180 ce, kuma fashin kwana 18, da uzuri ko babu, yana sa yaro cikin jerin masu yawan fashi. Doguwar tafiya a tsakiyar zango tana cinye wannan a tashi ɗaya, kuma ɓacewar yaro makonni ba bayani na iya kai ga hukumar kula da yara ta shigo cikin maganar. Idan tafiyar ta zama dole, sanar da makaranta a rubuce kafin ku tashi, da ranar dawowa, ka kuma tambayi abin da zai faru da kujerarsa. Idan kuwa ana iya ɗaga ta, Yuli da Agusta suna nan.